Yadda ake mayar da rubutu ƙananan baƙaƙe a Python ba tare da an bar Ɓ, Ɗ, Ƙ da Ƴ a baya ba

A ce ƙungiyar manoma ce mai rassa a Mirriah da Magaria da Matameye, kowane reshe da sakatarensa, an tattaro sunayen mambobi an kawo Damagaram don a haɗa su wuri ɗaya. Sakatare na farko ya rubuta MIRRIAH, da yake a takardun ofis an saba buga suna da manyan baƙaƙe. Na biyu ya rubuta Mirriah. Na uku da waya ya turo nasa, ya sa mirriah. Kowa ya duba ya san gari ɗaya ne, amma kwamfuta garuruwa uku take gani, kuma in ka ce ta ƙidaya maka mambobin kowane gari, kashi uku za ta raba mutanen Mirriah.

Maganin shi ne a mayar da rubutun duka ƙananan baƙaƙe kafin a kwatanta. Umarnin da ke yin haka layi ɗaya ne tak. Abin da ya sa jagorar nan ta yi tsawo shi ne rubutunmu: Hausa mai baƙaƙe masu lanƙwasa, gauraye da Faransanci mai alamomi a kan wasula, wani lokaci har da ajami. Da Python za mu yi aikin, daga baya mu leƙa sauran harsunan.

Matakin farko: gwada umarnin

Kana bukatar Python 3. In kwamfuta gare ka, sauke ta daga python.org. In waya ce ta Android, manhajar Pydroid 3 ta wadatar. Buɗe ta ka rubuta:

```python
gari = "MIRRIAH"
print(gari.lower())
```

Za ka ga `mirriah`. Yanzu gwada na gida:

```python
print("ƊAN ƘASA".lower())
print("ƳAN ƁAURE".lower())
print("GOURÉ".lower())
```

Amsa ita ce `ɗan ƙasa`, `ƴan ɓaure`, `gouré`. Idan abin da ka gani ke nan, Python ɗinka lafiya take.

Akwai wurin da kusan kowane sabon shiga ke yin tuntuɓe. A Python, rubutu ba ya canzawa a inda yake. `lower()` sabon rubutu take ba ka, na asali yana nan yadda ka bar shi:

```python
suna = "ƘASIMU"
suna.lower()
print(suna)
```

Wannan `ƘASIMU` zai fito, don ba ka riƙe abin da aka ba ka ba. Sai ka ce `karami = suna.lower()` sannan ka yi aiki da `karami`. Ana iya rubuta `suna = suna.lower()`, amma ban so ka saba da shi, kuma za ka ga dalili can gaba.

Abin da ke faruwa a ciki

Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani. A tsohon tsarin ASCII, wanda aka tsara a Amurka a shekarun 1960 mai gurbi 128 kacal, A lamba 65 ce, a kuma 97. B 66, b 98. Tazarar 32 ce tun daga A har Z. Shi ya sa tsofaffin littattafan koyarwa ke cewa in harafi na tsakanin A da Z ne, ƙara masa 32, an gama. Har yanzu ana ba ɗalibai wannan a matsayin atisaye, kuma ba laifi a koya, amma kada ka kai shi wurin aiki.

Python na da umarnin `ord()` mai nuna lambar kowane harafi a tsarin Unicode, wanda ya fito a 1991 don ya ɗauki rubutun duniya duka. Duba namu:

```python
for h in "ƁɓƊɗƘƙƳƴ":
    print(h, ord(h))
```

Ɓ tana kan 385, ɓ tana kan 595, tazarar 210. Ɗ 394, ɗ 599, tazarar 205. Ƙ da ƙ kuwa maƙwabta ne, 408 da 409, haka ma Ƴ da ƴ, 435 da 436. Babu lissafi ɗaya da zai kai ka daga babba zuwa ƙarami. Ɓ da Ɗ sun yi nisa da ƙannensu ne saboda ƙananan suna cikin rukunin alamomin masana furuci, manyan kuma suna wani rukuni dabam. Saboda haka `lower()` ba ƙari take yi ba, tebur take dubawa, wanda Unicode ta tanada, inda aka rubuta wa kowane harafi ƙaraminsa. Duk harshe ko manhajar da ba ta duba wannan tebur, A zuwa Z kawai za ta taɓa.

Ko a cikin Python ɗin ana iya faɗawa wannan rami. Idan ka buɗe fayil a matsayin bayit-bayit, wato ɗanyun lambobin da kwamfuta ke ajiyewa, ko bayanai suka zo maka ta intanet ba ka warware su ba, abin da ke hannunka ba rubutu ba ne tukuna:

```python
danye = "ƊAN".encode("utf-8")
print(danye.lower().decode("utf-8"))
```

Amsa: `Ɗan`. A da N sun sauka, Ɗ ta tsaya. A tsarin UTF-8 bayit biyu ne ke ɗauke da ita, C6 da 8A, kuma babu ɗayansu da ke tsakanin A da Z. Abin haushin shi ne ba wani saƙon kuskure da zai fito, kuma `Ɗan` ya yi kama da rubutu mai kyau, sai ido ya wuce shi. Ka fara `decode`, sannan `lower`. In ka gaji tsohon shiri da aka rubuta da Python 2, wadda aka daina kula da ita tun 1 ga Janairun 2020, ka sani cewa a can rubutu na yau da kullum bayit ne, wato wannan matsalar ita ce halinsa na kullum.

Ajami da Larabci ba su da babba da ƙarami, haka ma Tifinag na Abzinawa. `lower()` za ta wuce su ba ta taɓa komai ba. Sai dai kada ka dogara da `islower()` wajen tantance ko an gama gyara layi: ga rubutun ajami zalla ko lambobi zalla kamar `"2024"`, amsarta `False` ce, don ba ta sami harafi mai babba da ƙarami ko ɗaya ba. In kana son ka san ko saura abin saukewa, ka rubuta `r == r.lower()`.

Fitar da fayil daga Excel yadda ya kamata

Yawancin jerin da za a kawo maka a Excel yake. Kafin Python ta gan shi, lanƙwasa na iya mutuwa a nan. Idan ka adana shi a matsayin CSV (fayil ɗin rubutu zalla mai layuka da ginshiƙai) na yau da kullum a Windows mai Faransanci, tsarin Windows-1252 za a yi amfani da shi. Wannan tsari ya san é da è da œ, amma bai san ɗ ko ƙ ba, sai ya sa alamar tambaya a gurbinsu. Ɗanladi ya koma ?anladi, kuma babu shirin da zai dawo maka da harafin. Zaɓi nau'in da aka rubuta wa CSV UTF-8.

Abu biyu kuma. Excel mai Faransanci da `;` yake raba ginshiƙai, ba da waƙafi ba, saboda a Faransanci waƙafi ne ke tsayawa a gurbin ɗigo a cikin lambobi. Sannan yana liƙa wata ɓoyayyiyar alama a farkon fayil, wadda in ba ka cire ta ba za ta manne wa sunan ginshiƙin farko. `utf-8-sig` ke cire ta:

```python
import csv

with open("mambobi.csv", encoding="utf-8-sig", newline="") as f:
    layuka = list(csv.DictReader(f, delimiter=";"))
```

Kada ka taɓa barin `encoding` ba ka rubuta ba. In ka bari, Python na iya ɗaukar tsarin da injin ke kai, sai shirin ya yi aiki a kwamfutarka ya ƙi yi a ta abokin aikinka.

Gina mabuɗin kwatance

A nan ne gizo ke saƙa. Mayar da baƙaƙe ƙanana kashi ɗaya ne na aikin, domin rubutu biyu na iya zama iri ɗaya a ido, duka ƙanana, kwamfuta ta ce ba ɗaya ba ne. Za mu rubuta ɗan aiki guda mai karɓar rubutu ya ba mu abin da zan kira mabuɗi, wato siffar da za a riƙa kwatantawa da ita.

Na farko, wasulan Faransanci. Harafin é na iya zuwa a matsayin harafi guda, lamba 233, ko kuma e tare da alamar da aka ɗora mata daban, lamba 769. A allo babu bambanci. Rubutun da aka kwafo daga PDF ko sunayen fayilolin da suka fito daga Mac kan zo da nau'i na biyu. `unicodedata.normalize("NFC", r)` na haɗe su su zama guda.

Na biyu, alamar hamza ta boko, kamar a Sa'adatu ko ma'aikata. Allon kwamfuta na ba da miƙaƙƙiya, Word da wayoyi kan mayar da ita lanƙwasasshiya, wasu allunan Hausa kuma na ba da wata ta uku. Lambobinsu 39, 8217 da 700. Mayar da su duka ta farko.

Na uku, sarari. Wani ya bar sarari a ƙarshen suna, wani ya buga biyu a tsakiya, Word mai Faransanci kuma na sa sarari marar yankewa kafin `:` da `;`. Dabarar `" ".join(r.split())` na share duka, har da marar yankewar.

Sai saukar da baƙaƙen. A nan `casefold()` na fi so a kan `lower()`. Ga baƙaƙen Hausa amsarsu ɗaya. Bambancin yana wurin wasu haruffa: ß ta Jamusanci takan koma ss, kuma abin da ya fi shafarmu, haɗaɗɗiyar ﬁ da ke fitowa in an kwafo rubutu daga PDF takan rabu ta zama f da i. Kalmar fili da aka kwafo haka ba za ta dace da wadda ka buga da hannu ba in `lower()` kaɗai ka yi. An yi `lower()` don abin da za a nuna wa mutum, `casefold()` don abin da za a kwatanta.

```python
import unicodedata

def mabudi(rubutu):
    r = unicodedata.normalize("NFC", rubutu)
    r = r.replace("\u2019", "'").replace("\u02bc", "'")
    r = " ".join(r.split())
    r = r.casefold()
    r = r.replace("'y", "ƴ")
    return r
```

Layin da ke gab da na ƙarshe na bukatar bayani. Mu a Nijar ƴ muke rubutawa, a Nijeriya kuma 'y aka fi sani, kuma jerin da ya fito daga Magaria ko Matameye, inda ake shiga Daura da Kano kullum, da wuya ya rasa duka biyun. Na sa shi bayan `casefold()` da gangan, don 'Y da 'y su riga su zama ɗaya, sauyi guda ya ishe su. Ga sunaye da garuruwa wannan ba ya ɓarna. Ga dogon rubutu mai zance cikin alamar ɗauko magana guda-guda, zai iya cin kalma kamar 'yaro' ya mayar da ita ƴaro', don haka a can cire layin.

Za ka ji sha'awar yin haka ga masu rubuta d'an da k'asa da b'era, waɗanda ba su da lanƙwasa a wayarsu. Yi hattara. A fayil ɗin da ke da adireshi da Faransanci, sauya d' zuwa ɗ zai mayar da route d'Agadez ta zama route ɗagadez. In za ka yi, yi shi a ginshiƙin sunayen mutane kaɗai, kuma ka duba sakamakon da ido.

Akwai kuma baƙin haruffa masu kama da namu. Mai neman Ɗ a cikin jerin alamomin Word yakan ɗauki Đ ko Ɖ ko Ð, da yake duk D ce mai ɗan ƙari. Da zarar an saukar da su sai asiri ya tonu: đ, ɖ, ð, babu ɗ a cikinsu. In kana shakkar harafi, tambayi Python sunansa da `unicodedata.name("Ɗ")`. Namu sunansa na ƙarewa da `D WITH HOOK`. Don ka kama irin waɗannan tun da wuri, sa shirin ya lissafo maka duk harafin da ba na ASCII ba da ke cikin fayil:

```python
from collections import Counter

baki = Counter(h for l in layuka for h in l["suna"] if ord(h) > 127)
for h, adadi in baki.most_common():
    print(h, adadi, unicodedata.name(h, "?"))
```

Jerin ba ya yin tsawo, kuma abin da bai kamata ya kasance a ciki ba nan take yake bayyana.

Ƙidaya, da ajiye na asali

Yanzu ƙidayar garuruwa ta zama wasa:

```python
kidaya = Counter(mabudi(l["gari"]) for l in layuka)
for gari, adadi in kidaya.most_common():
    print(gari, adadi)
```

MIRRIAH da Mirriah da mirriah sun haɗu. Amma za ka tarar da mirya a gefe guda, ko matamèye da matamey kusa da matameye. Wannan ba matsalar babba da ƙarami ba ce, bambancin rubutu ne, kuma mutum ne kaɗai ya san gari ɗaya ake nufi. Yi ɗan tebur da hannunka, kamar `{"mirya": "mirriah", "damagaram": "zinder"}`, ka bi da mabuɗin ta cikinsa. Ko wannan na biyun sai ka yi tunani, tunda akwai Damagaram Takaya, wadda gari ne dabam.

Ga dalilin da ya sa na ce kada ka saba da `suna = suna.lower()`. Saukar da baƙaƙe hanya ce marar dawowa. Mutane kan ce ai in ana bukata sai a mayar da `title()`. Gwada ka gani:

```python
print("sa'adatu".title())
```

`Sa'Adatu` za ta ba ka, domin a wurinta duk harafin da ya biyo bayan alama farkon kalma ne. Gajerun sunayen hukumomi kamar CEG ko CSI za su koma Ceg da Csi. `string.capwords()` ta fi ta hankali da hamza, amma ita ma ba ta san gajeren suna ba. Mai auna hatsi ba ya zubar da buhu don ya ɗebi samfuri a tafin hannu. Ka bar ginshiƙin asali yadda mai shi ya rubuta, ka ƙara sabo kusa da shi:

```python
for l in layuka:
    l["mabudin_suna"] = mabudi(l["suna"])

with open("mambobi_gyararre.csv", "w", encoding="utf-8-sig", newline="") as f:
    w = csv.DictWriter(f, fieldnames=layuka[0].keys(), delimiter=";")
    w.writeheader()
    w.writerows(layuka)
```

Da na asali ake buga kati da takardar shaida, da mabuɗi ake nema da gano wanda aka rubuta sau biyu.

Wani zai tambaya ko a cire lanƙwasar gaba ɗaya, tunda masu nema da yawa kasimu za su buga, ba ƙasimu ba. Don akwatin nema, i, ana iya yin mabuɗi na biyu. `normalize` ba za ta yi maka ba, domin a Unicode lanƙwasar jikin harafin ce, ba alama ce da aka ɗora ba. Sai da tebur: `r.translate(str.maketrans("ɓɗƙƴ", "bdky"))`. Amma kada a yi amfani da wannan wajen haɗe layuka kai tsaye, don a wurinsa baƙi da baki abu ɗaya ne.

Jerantawa ma na da nata. `sorted()` lamba take bi, saboda haka Z babba, mai 90, na riga a ƙarama, mai 97. `sorted(sunaye, key=mabudi)` ya gyara wannan, amma duk sunan da ya fara da ɗ ko ƙ zai koma bayan z. Dabara mai sauƙi ita ce a mabuɗin jerantawa ka sauya ɗ da `d~`, ƙ da `k~`, ɓ da `b~`, ƴ da `y~`. Alamar `~` lambarta 126, tana bayan z, sai Ɗanladi ya zauna bayan duk masu D, kafin masu E.

In ba Python kake amfani da ita ba

JavaScript ba ta da matsala: `"ƊAN ƘASA".toLowerCase()` na ba da amsa daidai.

PHP ita ce ke cin mutane, kuma shafukan makarantu da ƙananan ofisoshi da yawa da ita ake gina su. `strtolower()` A zuwa Z kaɗai ta sani. Yi amfani da `mb_strtolower($r, "UTF-8")`.

A harshen C, wanda da shi ɗalibai da dama ke fara koyo, `tolower()` bayit guda take karɓa, don haka ba ta da yadda za ta yi da harafi mai bayit biyu. Akwai `towlower()`, amma sai ka mayar da rubutun manyan gurabe kuma ka saita yaren injin da `setlocale()`.

Java ta san teburin Unicode, sai dai `toLowerCase()` marar komai a ciki tana bin yaren da aka saita na'urar. A Turkanci ƙaramar I ita ce ı marar ɗigo, don haka a na'urar da ke kan Turkanci MIRRIAH za ta koma mırrıah. Rubuta `toLowerCase(Locale.ROOT)` ka huta. A Kotlin, `lowercase()` ta riga ta yi hakan da kanta.

Sai SQLite, rumbun bayanan da ke cikin manhajojin Android da yawa. Yadda take zuwa, `lower()` da `LIKE` da `NOCASE` nata duk ASCII kaɗai suke saukewa, wato neman ɗan ba zai kamo ƊAN ba. Hanya mafi sauƙi ita ce ka lissafa mabuɗin tun kafin ka zuba bayanan, ka ajiye shi a ginshiƙinsa. In rumbun ya riga ya cika, daga Python kana iya ara masa aikinka (`con` a nan shi ne haɗin da ka buɗe da rumbun):

```python
con.create_function("mabudi", 1, lambda r: mabudi(r) if r else r)
```

Daga nan `WHERE mabudi(suna) = ?` zai yi aiki.

Inda ba a taɓawa

Kalmar sirri ba a saukar da ita, ko kusa. Sunan fayil a Linux ma haka, domin Hoto.jpg da hoto.jpg fayiloli biyu ne a can, kuma yawancin injinan da ke ɗauke da shafukan intanet Linux suke. A adireshin intanet, sunan shafin bai damu da babba ko ƙarami ba, amma abin da ya biyo bayan `/` na iya damuwa: saukar da lambar bidiyon YouTube ka ga ya ɓace. A adireshin imel, abin da ke bayan `@` ana saukewa ba fargaba. Na gabansa, a ƙa'ida injin mai karɓa ke da ikon bambantawa, ko da yake manyan kamfanoni irin su Gmail ba sa yi, saboda haka kwatanta da mabuɗi, ka aika da na asali.

Kafin ka saki shirin a kan fayil na gaske, sa waɗannan layuka a ƙasansa. In ɗaya ya faɗi, Python za ta tsaya ta nuna maka wanne ne:

```python
assert mabudi("ƊANLADI") == mabudi("ɗanladi")
assert mabudi(" MIRRIAH ") == "mirriah"
assert mabudi("GOURE\u0301") == mabudi("Gouré")
assert mabudi("Sa\u2019adatu") == "sa'adatu"
assert mabudi("'Yan Kasuwa") == "ƴan kasuwa"
assert mabudi("ƙasa") != mabudi("kasa")
```

Duk lokacin da wani reshe ya turo rubutun da ya kuɓuce wa mabuɗin, ƙara shi a jerin nan tukuna, sannan ka koma ka gyara `mabudi()`.